Tauraron da Na Jawo Gidanmu

Shekarar da Kawu Sale ya dawo daga Kongolam da tabarau mai hangen nesa, ba ni da aikin da ya wuce hawa katanga bayan sallar isha'i. Direba ne, a hannun wani fasinja ya saye shi. Ranar da na fara ɗora shi a ido, taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta suka matso dab da ni, kamar in miƙa hannu in ɗebo.

Lokacin sanyi ne, kakarmu Iya ta hura wutar ƙirare a ɗakinta mun kewaye ta. Ƙanwata Ladidi tana kwance a cinyarta, zazzaɓi ya hana ta ko shan koko. Ni kuwa sai zuba nake, wai na jawo tauraro har kan katangarmu.

Iya ta dube ni. "Ka jawo shi, maigida? To, ka mayar?"

Ba ta jira amsa ba ta jefo tatsuniya, muka ce ta zo mu ji. Wai wata yarinya ce ta cika ƙwarya da ruwa a tsakar gida, tauraro ya sauko ciki. Ta yi ta wasa da shi har barci ya sace ta, ba ta zubar da ruwan ba.

"Shi tauraro baƙo ne," in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa. "In ka kira shi ba ka raka shi ba, zai koma da kansa, amma ba ya tafiya hannu rabbana. Autan gidan yake ɗauka." Da gari ya waye aka tarar da ƙwarya a bushe, tabarmar ƙanen yarinyar ba kowa.

Na dubi Ladidi, numfashinta na fita da ƙyar. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

"Iya, nawa ba ruwa a cikinsa. Me zan zubar?"

Sai a lokacin ta ga ɓarnar da tatsuniyarta ta yi. Ta ce in ɗauko tabaran. Ba ta taɓa riƙe shi ba, don haka ta leƙa ta wajen faɗin, sannan ta miƙo mini.

"Ungo, ga hanyar komawa. Je ka raka baƙonka."

Na fita cikin sanyi ina kuka, na leƙa a juye. Taurarin suka ƙanƙance, suka yi can nesa. Washegari aka kai Ladidi asibiti, ta kuwa warke.

Na daɗe ina ganin baiken Iya, don na san so kawai take in bar hawa katanga kada in karye. Yau ni malamin makaranta ne a Daura, ina da 'yar na'urar kallon taurari, na san ko kusa ba su san da zamanmu ba. Amma na gane cewa Iya ta ga yaron da tsoro ya kama, ta ba hannunsa abin yi.

Daminar bara aka kwantar da 'yata, likita ya ce sai dai addu'a da jira. Na yi addu'ar har muryata ta dishe. Daga nan sai na tsinci kaina a kan soro, ni da furfurata, tabarau a juye a idona.