Awon Hannun Hagu a Ƙullin Masara

Allon da ke saman ƙofar shagon sunan Don Gildardo Ocampo ne a jikinsa, amma duk ɗan wasan bolo da ya san ciwon hannunsa a garin Pereira ya san wadda ke huda ƙwallo a ciki. Bolo shi ne wasan da ake gara ƙwallo mai nauyi a kan layin katako don a kayar da kwalabe goma. Doña Leonilde ce, matarsa, gajeruwa mai tabarau rataye a wuya da zare. Ita kanta ba ta iya wasan ba. In ta jefa ƙwallo goma, tara a lambatun gefen layi suke ƙarewa, kuma ko a jikinta. Takan ce ai ta shekara ashirin tana ɗinka rigunan amare, sau ɗaya tak ta sa.

'Yar garin Santa Rosa de Cabal ce, a gindin keken ɗinkin mahaifiyarta ta tashi. Lokacin da ta auri Gildardo ya riga ya yi suna: hannun dama kamar na maƙeri, baƙin ƙwallon roba mai laba sha shida, da ɗan shago a lungun zauren bolo inda yake huda wa mutane ramukan yatsu uku. Ta kawo kekenta ta ajiye a kusurwa tana ɗinka wa ƙungiyoyi riguna. Ƙafarta na kan keke, idonta na kan injin huda.

A gabanta sababbin ƙwallayen suka shigo gari, masu launi kamar alewa, wasu har da ƙamshi. Fatarsu shan mai take yi. Irin wannan ƙwallo sai ya sulale a kan man da aka shafa wa layi kamar ba ruwansa, yana taka busasshen katako can gaba sai ya kama ƙasa, ya sha kwana, ya afka wa kwalaben goma ta gefe. A cikinsa akwai ƙodago mai nauyi wanda ba zagayayye ba, kuma inda mai huda ya sa ramukan daga wannan ƙodagon shi ke yanke ko ƙwallon zai juya da wuri ko sai ya makara. Gildardo ya koyi huda su, ya kuma iya, amma har ransa ya raina su. Ƙwallon ragwaye yake ce musu.

Shekara shida da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ƙafar ta dawo, bakin ya dawo har ya fi da, hannun dama ne ya ƙi. Sati uku shagon na rufe. A na huɗu Leonilde ta tura kekenta bango ta kunna injin.

Maza suka yi ta leƙe suna sosa ƙeya. Wani ya ce, "Doña Leo, ko dai mu jira maigidan ya ji sauƙi?"

Ta ce, "Jira mana, ɗana. Gasar ce dai ba za ta jira ka ba."

Dokarta ɗaya ce, daga ɗinki ta taho da ita: ba ta auna hannu mai sanyi. Sai ka je ka yi wasa biyu babban yatsanka ya kumbura, kamar yadda ba ta taɓa auna ƙugun amarya kafin cin abincin rana ba. Waɗanda suka yi mata dariya a kan wannan, su ne daga baya suka riƙa kawo mata abokansu daga garuruwan Manizales da Armenia.

Shi kuwa Gildardo kujera ya samu a bakin ƙofar shagon. Duk wanda ya yaba aikin sai ya ce, "E, tana ɗan taya ni." Leonilde ta bar masa wannan, namiji ne da aka ƙwace wa hannu. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne yadda ya juya kujerar, ya ba layukan baya. Mutumin da ya shekara arba'in a kan katakon nan! Duk sanda kwalabe suka tarwatse sai ta ga kafaɗarsa ta motsa, amma ba zai waiga ba. Yana ramewa a kan kujerar nan tana gani, ita da ke rage masa ƙugun wando duk bayan wata uku. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san in bai koma layi ba, kujerar ce za ta ƙarasa shi.

Wata rana ta ce, "Tsoho, kana da wani hannun fa."

"Wannan na riƙe kofi ne."

"Miƙo in auna."

Ya cusa shi a aljihu. "Ki huda mini ƙwallon ragwaye, in tsaya gaban mutanen da na koya wa riƙe ƙwallo suna tausaya mini? Gara a binne ni da na robana."

Ta ƙudura za ta huda masa ƙwallon hagu ko bai yarda ba. Abu biyu take bukata: awon hannunsa, da zoben man da ƙwallo ke kwasowa daga layi, wanda ke nuna yadda mutum ke sakinsa. In babu su, huda ta zama caca.

Ranar Lahadi ta ajiye masa ƙullin masara na arepa, wainar da suke gasawa, tun da likita ya ce ya riƙa murzawa. Ta bar shi ya murza har hannun ya yi ɗumi, sannan ta fara tsokana.

"Haka ake danna ƙulli? Kamar mai shafa kan jariri? Buɗe yatsun, danna da ƙarfi in kana da shi!"

Ya harzuƙa ya kifa tafin hagunsa a kai har gwiwar hannunsa na rawa. Ta ce to ya isa, ya je ya ɗauko cuku. Kafin ya dawo ta zaro tef ɗin ɗinki daga aljihun riga, ta auna daga babban yatsa zuwa gaɓar na tsakiya da na kusa da shi, ta rubuta a bayan kwalin ashana. Ta mulmule ƙullin ta gasa, ya ci uku.

Zoben man ya fi wuya. Ranar Talata da safe zauren ba kowa, ta ɗauki ƙwallon haya ta hau layi na huɗu, daidai bayan kujerarsa. Ta jefa, lambatu. Ta sake, lambatu. Ba ma sai ta yi da gangan ba. Gildardo da kunne yake ganin wasa, kowace jifa tana sukarsa. A ta takwas ya miƙe.

"Haba, Leo! Shekara talatin da biyar kina kallona, abin da kika koya ke nan? Ba ni nan!"

Ya fizge ƙwallon da hagu, ya yi taku uku ya sake shi. Kwalba uku suka faɗi. Kunya ta rufe shi, ya koma kujerarsa. Ita kuwa tana bakin injin da ke dawo da ƙwallo. Ta cafe shi tun man bai goge ba, ta bi zoben da fensir ruwan ɗorawa.

Ta sa aka kawo mata ƙwallo daga Bogotá, mai laba sha uku, launin ɗanyen inabi. Kwana uku tana jujjuya shi ba ta taɓa injin ba. Hannun tsohon ba gudu, kuma ƙwallo mai ƙishin mai in ya tafi a hankali tun a tsakiyar hanya zai juya, ya isa kwalaben a gajiye. Don haka ta goge fatar har ta yi sheƙi don ya sulale da nisa, ta kuma karkatar da ƙodagon yadda zai adana kwanarsa sai can ƙarshe. Ramin babban yatsa ta ɗan kwantar da shi don ya saki hannu ba gardama, ta bi bakinsa tana kankarewa a hankali kamar mai kalmasa wuyan riga.

Ba ta miƙa wa Gildardo ba, ta san halin kayanta. Ranar Alhamis ta makon gaba da la'asar, lokacin wasan dattawa, ta ajiye shi cikin ƙwallayen Don Eliécer, aminin Gildardo tun suna samari, ta raɗa wa Eliécer magana biyu.

Can sai Eliécer ya ɗaga murya. "Kai, Gildardo! Zo ka ga abin kunya. An huda ƙwallo a karkace, ya ƙi shiga hannun kowa. Matarka ta fara tsufa, wallahi!"

Gildardo ya taso da saurinsa, har da ɗan murmushi, shekara shida yana jiran kuskuren nan. Ya juya ƙwallon ya ga hudar hagu ce. Ya zura yatsunsa don ya nuna inda aka ɓata. Suka shige, suka zauna daram kamar a can aka haife su. Murmushin ya ɗauke.

"Wa ya auna ni?"

Daga ƙofar shago Leonilde ta ce, "Awon ai ka cinye shi waccan Lahadin, da cuku."

Dattawa suka kwashe da dariya, ban da shi. Ya daɗe a tsaye da ƙwallon a ƙirji. Sannan ya hau layi, ya yi takunsa, ya saki. Ƙwallon ya miƙe a hankali ya nufi lambatun hagu, har Eliécer ya dafe kai. Yana taka busasshen katako sai ya kama, ya sha kwana ya shige tsakiyar kwalaben. Takwas suka zube, biyu suka tsaya.

Gildardo bai ko ƙirga ba. Ya jira ƙwallon ya dawo, ya ɗaga shi wajen fitila. Zoben mai biyar ne a jiki, sirara, kowanne da tazararsa, ba wanda ya hau ramin yatsa. Mai huda ne kaɗai ya san wannan na nufin hudar ta fita ba aibi, kuma shi mai huda ne. Leonilde ta ga ya gane. Alfahari ya cika mata ƙirji har ta cire tabaranta tana goge su da gefen riga, alhali ba abin da ya same su.

Daidai nan wata mata ta shigo da sabon ƙwallo a kwali, ta duba allon shagon, ta tambayi wane ne Don Gildardo mai huda.

Ya ce, "Ni ne Gildardo, amma ni ɗan wasa ne. Mai hudar ga ta can, kuma duk ƙasar nan ba ta biyunta. Sai dai ki je ki yi wasa biyu tukuna, ba ta auna hannu mai sanyi."

Ya juya ya fuskanci layin, ya sa gwiwar hannu ya ture Eliécer. "Matsa mini, tsohon banza. Ina da sauran kwalba biyu."