Hannun Kaka a Jikin Katanga

Duk tsufan da zan yi, ba na jin zan manta da ranar da kakana ya ɓace a ƙofar gidanmu, da rana tsaka, ina tsaye a bayansa. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, farar hula suka karɓi mulki, gari ya cika da zancen sababbin ayyuka. Mu a Ƙofar Marusa rabonmu titi ne, mai hannu biyu, wanda aka ce zai ratsa unguwarmu.

Kaka makaho ne tun kafin a haife ni, amma kada Allah ya sa ka ce za ka riƙe masa sanda. Ya rantse shi da ɗan jagora sai dai ranar da za a kai shi makwanci. Kullum bayan la'asar yakan fita shi kaɗai zuwa zauren amininsa, wani tsohon baduku, su yi ta hira har magariba. Hannunsa na hagu ne idonsa. Yana tafe yana shafa katangun lungu, ya san kowace: ta gidan Hajiya mai daddawa da guntun azara ya leƙo, ta gidan liman mai kaushin yaɓe, sai wadda ta yi ciki inda ake karya kwana. Tsabar shafa, har wani layi baƙi mai sheƙi ya fito a jikin katangun, daidai kafaɗarsa.

Ni kuwa lokacin na gama sakandare, kaina cike da iska. Da katafila ta fara rusau, sai in hau soro in zauna ina kallo, ina ganin titin tun ba a zuba kwalta ba. Ina ganin fitilu jere har ƙarshen gari, ina ganin kaina cikin farar mota, gyale na kaɗawa, na nufi GRA ba wanda ya isa ya tsayar da ni. Wallahi har ƙamshin kwalta daɗi yake mini. Kaka yakan ce, “Amarya, sauko daga soron nan, kada mai katafila ya ƙwace mani ke.” In ce, “Ai gara shi, yana da mota, kai sai sanda!”

Aka gama aiki. An yanke gaban gidaje, kowa ya ja baya ya tada sabuwar katanga ta bulo, sumul da siminti, duk iri ɗaya. Zauren baduku kuma ya koma tsallaken titi. Ranar da Kaka ya ce zai fita, na miƙa masa hannu ya ture. Sai na bi shi a hankali, ina ɗaga ƙafa.

Ya ɗora hannu a katanga ya fara tafiya. Ya shafa, ya shafa, babu azara. Ya dawo baya ya sake shafawa. Can sai katangar ta ƙare inda bai sani ba, hannunsa ya tsaya cikin iska yana lalube. 'Yan kabu-kabu na wucewa fuu, motoci na ta oda, rana ta kwanta a kan kwalta tana walƙiya kamar ruwa. Ya daɗe a tsaye, babbar rigarsa na motsi. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Na san kina nan, ina jin takalminki. Hwaɗa mani, wanga wuri ina ne?”

Ƙofar gidanmu ce fa, gidan da aka yanke masa cibiya. Sai hawaye suka zubo mini. Shi da kansa ya nemo hannuna ya riƙe, muka koma ciki. Tun daga ranar bai ƙara fita ba, tsokanar ma ya daina, tuwo sai ya taɓa ya ture. Na ji tsoro ƙwarai, don ina ganinsa yana ƙarewa a zaune.

Hajiya mai daddawa ce ta tare ni ta ce, “Ke 'yar nan, ina Malam? Na bar jin sandarsa.” Da na ba ta labari, ta yi salati, ta aika aka kira magini, ta ce ya fasa mata sabuwar katangarta ya dasa guntun azara. Magini ya ce, “Hajiya, katangar da ko fenti ba ta sha ba?” Ta ce, “Taka ce? Fasa!” Gidan liman suka ji, suka sa aka watsa wa tasu siminti mai kaushi. Na gaba suka manna fasasshen tangaran a bakin kwana. Shi kuma baduku, da ya ga abokinsa ba zai iya tsallake titi ba, ya kwaso tabarma da fatunsa ya dawo inuwar tsallakenmu.

Da ƙyar na lallaɓi Kaka ya fito. Ya ɗora hannu yana tafiya kamar mai jin tsoron ƙasa, har yatsunsa suka ci karo da icen. Ya tsaya. Ya shafa shi sama da ƙasa, fuskarsa na buɗewa a hankali. Sai ya ɗaga murya, “Hajiya! Azararki ta yi ƙasa da yawa, ko tsawona kika manta?” Daga cikin gida ta amsa, “Kai ne ka ranƙwafa, Malam!” Ya yi dariya har da tari, ya sake mini hannu ya ce, “Koma gida, amarya, na sallame ki.” Na tsaya ina kallon bayansa yana tafiya shi kaɗai.

Kaka ya daɗe da rasuwa. Motar da na yi mafarki na samu, kuma nakan bi titin nan, fitilunsa na nan yadda na hango su daga soro. Amma duk na zo daidai gidan Hajiya sai na rage gudu, don har yau akwai layin nan baƙi a jikin siminti, ƙasa kaɗan da kafaɗata. Abin da na koya shi ne, in za a yi wa gari hanya, a fara tambayar wanda ya fi kowa tafiya a hankali yadda yake gane gidansu.