Harafi Biyu a Sunan Teodosia

Duk matar da ta zauna gaban teburin Teodosia Huallpa a bakin kasuwar Comas, wata unguwa a birnin Lima, tana neman bashin sayen gida, kafin ta gama gaisuwa za ta ji an ce mata, "Ba ni katin shaidarki tukuna." Wasu har haushi suke ji. Teodosia dillaliya ce, ita ke shiga tsakanin banki da masu son mallakar gida, kuma ba ta fara wannan sana'a ba sai da ta haura hamsin. Kafin nan kunun kinuwa, wani hatsi na ƙasarsu, da burodi take sayarwa a tashar bas, kuma a lokacin sunanta ya fi haka tsawo.

Teodosia Huallpa de Paucar. Haka ta yi shekara ashirin da shida tana rubutawa. "De" ɗin nan harafi biyu ne kacal, ma'anarsa "ta wane", wato ta Eleuterio Paucar, mutumin da ya tafi haƙar zinariya tun 'yar autarsu na goye, bai ƙara aiko ko gaisuwa ba. Amma ita ba ta ajiye sunan ba. Aure aure ne, in ji ta, tunda Fada, limamin coci, ya sa musu albarka a gaban mutanen ƙauye.

Ta yi ta tara kuɗi har ta samu wani gida mai ɗaki biyu a gangaren dutse, rodi na tsaye a samansa yana jiran bene. Mai gidan ya ba ta zuwa ƙarshen wata, in ba ta kawo takardar banki ba akwai wani mai so. Ta sa sabon siket ta je banki, ta cika fom da kyakkyawan rubutu. Akawun ya duba sunan da ta rubuta, ko katinta bai nema ba, ya turo mata fom ɗin.

"Señora, sai maigida ya zo ya sa hannu. Abin da matar aure ta saya, nasu ne su biyu."

"Wane maigidan? Shekara goma sha tara rabona da shi!"

"Ni dai ga 'de' nan ina gani. Na gaba!"

Irin wannan labari ba ya kwana. Kwana huɗu sai ga Eleuterio a gaban kurar kununta, ya yi furfura, haƙori ɗaya na zinariya, shi ke nan abin da ya samo. Ya yi murmushi ya ce, "Teo, matata, na ji za mu sayi gida. Zan sa hannu, ba komai. Ɗakin da ke kallon titi dai nawa ne, ƙirjina ba ya son sanyi."

"Za mu? Da kai da wa?" Ta ɗaga ludayi. "Ka ga wannan? Shi ne mijina, shi ya biya kuɗin makarantar yara. Wallahi gara in mutu a gidan haya da in ga ƙazamar hularka rataye a bangona. Matsa, kana tare mini masu saye."

Baki ne kawai. Da ya tafi baƙin ciki ya rufe ta, domin ta san in ba hannunsa babu gida, in da hannunsa kuma rabin guminta ya zama nasa.

Cikin masu shan kununta akwai Doña Marleni, wata dillaliyar bashin gida mai kaifin baki, wadda ta ji komai tana tsaye da kofi a hannu. Ta ce, "Mamita, a ina aka ɗaura muku auren nan?"

"A cocin ƙauyenmu, ranar bikin waliyyi. Ga takardar ma, ba na rabuwa da ita." Ta zaro ta daga cikin rigarta, naɗe a leda.

"Wannan ta Fada ce. Ina ta ofishin magajin gari?"

"Ai ranar Litinin ɗin za mu je, shi kuma ya sha ya yi tatul. Ya ce ma yi in mun zo Lima."

"Kun yi?"

Teodosia ta girgiza kai.

"Ba ni katin shaidarki." Marleni ta juya katin, ta ɗora farce a kan wani ɗan harafi. "Me kika gani nan? S ne ko C? C na matan aure ne. Ke S aka sa miki, marar aure. Baiwar Allah, a wurin hukuma ba a taɓa aurenki ba! Ke kika yi ta liƙa wa kanki 'de' da hannunki, wancan malalacin akawun kuma ya bi ki a kai."

Mutanen tasha suka kwashe da dariya. Teodosia ba ta yi dariya ba, takaici ne ya cika ta. Shekara ashirin da shida tana dakon sunan mutumin da ko zuwa ofis bai iya yi mata ba. Har wani direban bas mai hankali ta taɓa kora saboda sunan nan.

Marleni ta shirya mata takardu, ta kai ta wani bankin. Ranar sa hannu, saura kwana biyu wata ya ƙare, suka tarar da Eleuterio a bakin ƙofa cikin kwat ɗin aro, biro maƙale a aljihu. Babu wanda ya gaya masa cewa ba a buƙatar hannunsa. Suka wuce shi suka shiga.

Ta rubuta Teodosia, ta rubuta Huallpa. Hannu ya saba, har ya sauke bakin biro zai fara harafi na gaba. Sai ta danna shi a nan da ƙarfi, ya zama ɗigo.

Da suka fito ya taso yana gyara kwala. "To, ni a ina zan sa hannu?"

Teodosia ta zaro takardar Fada daga rigarta, ta danƙa masa da ledarta.

"Riƙe, Señor Paucar. Wannan kaɗai muka taɓa mallaka tare. Na bar maka rabona."