Baburan Zauren Kawu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu, labari ya zo cewa za a saka motocin bas a hanyoyin karkara, daga wajen Makoda har Dawanau. Ranar da na ji, ban iya ƙarasa darasi ba. Na sallami yara da wuri na nufi gida, ina tafe ina murmushi ni kaɗai.

Saboda mahaifiyata nake wannan murna. Tun rasuwar mahaifina ta koma gidan yayanta, wato kawuna, kuma ciwon ƙugu ya sa ta a gaba. Duk wata sai ta je asibiti a birni. Daga garinmu zuwa bakin titi kuwa babu abin hawa sai babur, hanyar ga yashi ga ramuka. In na goya ta, sai ta riƙe rigata gam, duk ramin da muka faɗa ina jin nishinta a bayana. Ta je neman sauƙi, ta dawo ta kwanta kwanaki. Har ta fara cewa a ƙyale ta haka nan. Ni kuwa na san in ta daina zuwa, wata rana ko tsakar gida ba za ta iya takawa ba.

Murnar ba ta daɗe ba. Akwai abokina da ke aiki a ofishin da ke tsara hanyoyin, shi ya kira ni.

"Malam, bas ɗin nan fa ba za ta shigo muku ba. Ta titi za ta wuce."

"Saboda me?"

"An duba sakamakon binciken gidaje na ƙasa. Ya nuna ku a yankinku abin hawa ya wadata, ba ku da matsalar sufuri."

Dariya na fara yi, daga baya na daina. Mu? Ni da ko babur ɗin da nake goya Inna na aro ne! Abokina ya yi mini bayani cewa masu binciken ba kowane gida suke shiga ba. 'Yan gidaje kaɗan ake zaɓa, kowanne ya tsaya a madadin gidaje masu yawa. Ya ce in tuna ko wani ya taɓa zuwa garinmu da tambayoyi.

Nan take na tuna. Wata damina an yi wani baƙo, saurayi mai jaka a baya, kuma gidan Kawu ya sauka.

To, zauren Kawu shi ne mafi girma a unguwarmu, kuma shi kaɗai ke da ƙofar ƙarfe. Duk mai babur a dangi da maƙwabta, in zai tafi gona, nan yake kawo shi ya jingina. Da hantsin damina in ka leƙa, sai ka rantse wurin sayar da babura ne. Shi kuwa mai zauren, ko keke ba shi da shi, kuma in ba jana'iza ba babu abin da ke fitar da shi daga gari.

Na same shi a kan buzunsa na ce, "Kawu, baƙon nan na damina, me ka gaya masa?"

"Yaron kirki ne wallahi. Fura ya sha har ya nemi ƙari."

"Ya yi maganar baburan nan?"

"Ya ce na gidan nan ne? Na ce masa duk namu ne."

"Kawu! Naku kuma?"

"To na wane ne? Wannan na ɗan ƙanena, wancan na surukina. In dubi baƙo in ce ban san su ba?"

Na ce to da ya tambayi wahalar zuwa asibiti da kasuwa fa? Kawu ya dube ni kamar na yi saɓo. "Na ce Alhamdu lillahi mana. So kake in zauna gaban baƙo ina tona wa gidana asiri?" Na ce an tambayi matan gida? Ya ce, "Kai ma dai! Baƙo namiji zai shiga cikin gida?"

Haushi da dariya suka haɗu mini lokaci guda. Kawu bai yi ƙarya ba a ganinsa, mutunci ya yi. Baƙon ma abin da ya gani da abin da aka gaya masa ya rubuta.

Na koma na matsa wa abokina lamba har ya gaji da ni. Daga ƙarshe ya ce shugabarsu, wata Hajiya, za ta zagaya duba wuraren tsayawar motoci, ya roƙe ta ta biyo ta garinmu. Wayyo, murna! Na zauna na rubuta jawabi da Turanci, na yi ta maimaita shi a gaban allo bayan an tashi makaranta. Na kai babbar rigata guga. A raina ni ne zan ceci garin.

Abu ɗaya na manta. Lokacin kaka ne, maza duk suna gona wajen girbi. Da muka rako Hajiya zauren Kawu, sai ga babura jere reras, har da wani sabo fil da ban taɓa gani ba. Hajiya ta dube su, ta dubi abokina, ta zauna a tabarma. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, yaya kuke fama da abin hawa a nan?"

Kawu ya gyara zama ya ce, "Alhamdu lillahi Hajiya, ba mu da wata matsala."

Na zaro jawabina. Kafin in buɗe baki, sai muka ji murya daga bayan ƙofar cikin gida. Ashe mahaifiyata ta lallaɓo da sandarta tana saurare.

"Yaya, kai ne ba ka da matsala, tun da ba ka zuwa ko'ina! Hajiya, don Allah shigo ciki ki ji."

Hajiya ta fashe da dariya, ta miƙe ta shige. Aka bar ni da Kawu da babbar riga da jawabi. Muna zaune muna jin ana kiran maƙwabta ta kan katanga, mata suna ta shigowa da mayafansu. Wannan ta ba da labarin zuwa awo da tsohon ciki a bayan babur. Waccan ta ce man gyaɗarta ya sha zubewa a hanya kafin ya kai kasuwa. Wata ta ce bikin 'yar ƙanwarta ya wuce ta don babu mai kai ta. Kawu dai sai jan carbi yake yana cewa, "Ikon Allah!"

Sai bayan azahar Hajiya ta fito. Ta ce mana binciken ba shi da laifi, an yi shi ne don a ga yadda ƙasa take gaba ɗaya, ba don a yanke wa gari guda hukunci ba. Ta ce ganin babur a zaure daban, samun mai kai ka daban. Ranar kasuwa ta turo ma'aikatanta suka tsaya a mararraba suka ga masu fita da idonsu, daga nan aka amince bas ta biyo ta garinmu. Jawabina kuwa har yau babu wanda ya ji shi sai allo.

Ranar da bas ta fara shigowa, tun daga nesa muka ji hon. Gari ya fashe! Mata na guɗa, tsofaffi na kabbara, ni kuwa malamin makaranta guda ina gudu a gefenta takalmi ɗaya a hannu. Har Kawu ya fito ya shafa jikinta ya ce, "Ai dama na san za ta zo."

Tun daga lokacin, in na ji an ce bincike ya nuna kaza, ba na musu, amma sai na tambaya: wa aka samu a gida, a wane lokaci, kuma an wuce zaure? A wajenmu mai yawan tafiya da wahalarta sau da yawa tana ciki, mai amsa tambaya kuma yana waje.

Abin da ya fi zauna mini a rai dai shi ne tafiyarmu ta farko. Na zaunar da mahaifiyata a kujerar bayan direba, na zauna kusa da ita. Da muka zo wajen babban ramin nan da ta fi tsoro, na juya in ce mata ta riƙe da kyau, sai na ga ta jingina kai da taga ta yi barci. Ban tashe ta ba sai da muka isa Dawanau.