Kifin Sumaila da Maiƙon Kan Ruwa

Ni tun ina yaro ba ni da zama. Kakarmu Hajo takan ce kamar an shimfiɗa mini ƙaya a tabarma. A ƙauyenmu na gefen Bonkuku, in an gama girbi sanyi ya fara shigowa, da an ci tuwo sai ta sa a jawo karan gero a hura wuta a ƙofar ɗakinta. Yara su kewaye ta, kowa ya naɗe ƙafa. Ni kuwa in tashi in zauna, in tsokani wuta da tsinke, in mintsini ƙanena Sumaila. Shi ba ya ramawa, ido kawai yake zuba wa bakin tsohuwa.

"Ga ta nan tahe, ta ɗauko sandarta," in ji Kaka.

Mu amsa, "Ta iso, mun ba ta wuri!"

"Mamman, in ba ka zamna ba, tatsuniyag ga komawa za ta yi inda ta hito."

Sai in zauna, na ɗan lokaci.

Akwai guda ɗaya da take yawan maimaitawa. Wai wata mata ce mai shanu, gidanta a bakin wani tafki. Shekarar fari duk ruwan ƙasar ya ƙafe, wannan tafkin kaɗai ya shayar da garkenta har damina ta dawo. Matar ta rasa da me za ta saka masa. Sai ta shiga kai masa man shanu kowace safiya, cike da ƙwarya. Rana ta narkar da man, ya bazu, ya rufe fuskar ruwa tana ta ƙyalli. Ba a daɗe ba kifaye suka fara tasowa sama suna buɗe baki. Matar ta yi guɗa, ta ce godiya suke yi mata, ta ƙara musu wata ƙwaryar. Kwaɗi suka daina kuka. Shanunta suka zo, suka sunsuna, suka juya.

A nan Kaka take shaƙe murya ta zama gaiwa, kifin nan mai kwana cikin laka. "Gaiwa ta ɗago kai ta ce, 'Baiwar Allah, don girman Allah ki rage son ga. Ruwa ma numfashi shikai, kuma ta huska shika yi.'"

Matar ta ɗora hannu a ka. Yaya za a kwashe mai a bar ruwa? Gaiwa ce ta koya mata. Kaka takan jawo kwanon sha da ludayi ta nuna mana a hasken wuta: ba a nutsa ƙwarya, ba a ɗaga ta sama, leɓenta ake ajewa daidai da fuskar ruwa, abin da ke sama ya zame da kansa ya faɗa ciki. Haka matar ta yi ta yi har tafki ya washe.

Sumaila ya taɓa tambaya, "Kaka, to kihin da sunka mutu hwa?"

"Sun mutu mana. Tatsuniya ba ta tada matacce. Ku tashi, ta ƙare, wanda bai ji ba ya tambayi toka."

Ni abin da ya tsaya mini a rai a lokacin asarar man shanu ce kawai.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Mun dawo Filinge, ina gyaran fanka da rediyo kusa da kasuwa. Sumaila ya girma da shirunsa. Wata rana ya dawo daga Yamai rungume da akwatin gilashi, da ƴan kifaye jajaye ko tsawon yatsa ba su kai ba, da ɗan famfo mai aiki da batir. Na yi masa dariya har da riƙe ciki: kifin da ba a ci, a garin da sai an sayi ruwa! Ya wuce da akwatinsa ɗaki. Daga baya ya tafi arewa neman aiki, ya bar akwatin a ɗakin mahaifiyarmu. Da farko yana kira. Tun kafin damina wayarsa ta daina shiga.

Inna ba ta taɓa faɗa da baki ba, amma kowa a gidan ya sani: muddin kifin nan suna yawo, ɗanta yana da rai. Haka ta ɗaura wa zuciyarta, kuma ba mai iya kwance mata.

Sai ga shi ta aiko a kira ni daga shago. Na tarar da kifin sun taru a sama suna buɗe baki, ɗaya ya riga ya juya ciki sama. Kan ruwan ya yi wata yana kamar miyar da ta kwana. Ran nan Inna ko ruwa ba ta kurɓa ba. Wallahi na tsorata, ba don kifin ba.

Na canza ruwa, yanar ta dawo. Na shimfiɗa ƙyalle na ɗauke ta, kashegari ta dawo. Na kasa zama a shago, in kwance fankar mutane in bar ta a warwatse in ruga gida. Ina tsugune gaban gilashin nan, raina a ɓace, sai ludayin Kaka ya faɗo mini. To amma wa zai tsaya da ludayi dare da rana?

Na samo gorar roba ta ruwan sha, na yanke kanta, na tsattsaga bakin kamar haƙoran mataji. Na sa ɗan famfon Sumaila a gindinta, na huda gefe na fito da tiyonsa waje, na cusa auduga a samansa. Dabarar ita ce famfo ya riƙa zuƙe ruwan cikin gora, na saman akwati ya riƙa zubowa ta tsakanin haƙoran, auduga ta riƙe dattin. Na lanƙwasa waya na rataye ta a gefen gilashi. Da farko bakin ya yi sama, famfo ya shiga shan iska yana gurnani. Na sauke, ta nutse, tana jan ruwan ƙasa, yanar na nan daram. Haushi ya sa na yi jifa da gorar har bayan katanga, sannan na zagaya na ɗauko abata, don ba ni da wata. Sai da na ɗaura mata guntun soson katifa a wuya ta riƙa bin ruwa, in ya ragu ta sauka da shi. Nan take na ga yanar tana tafiya a hankali tana faɗawa ciki.

Kafin la'asar kifin sun koma ƙasa. Na zaro audugar, ta yi rawaya. Na kai hanci. Gyaɗa!

Ina juyowa sai ga Inna ta kwance bakin zane tana marmasa ƙuli-ƙuli a kan ruwa. Ashe abincin da Sumaila ya bari ya ƙare tuni.

"Inna, mi kikai haka?"

"Ba ka ga suna buɗe baki ba? Yunwa ta. Shi ma Sumaila ba abin da shika so kamar ƙuli."

Na ce, "Inna, ba yunwa ba ce. Man ƙulin ga shi ka rufe musu ruwa. Iska suka nema."

Ta tsaya da hannu a sama. Ta daɗe tana kallon gorar tana aikinta. Da ta yi magana, ba ni take kallo ba.

"Ranar da zai tahi na ɓoye mishi takalma. Ya ce, 'Inna, ki bar ni in sha iska.' Ban gaya ma kowa ba."

Shekara da shekaru ina ɗauka tatsuniyar nan labarin wawuyar mata ce. A ranar na gane matar ba wawuya ba ce, abin da ta fi so a duniya ta bayar, kuma ba wanda ya fi ta shan wuya da aka ce ta daina. Kwashe maiƙo aiki ne mai sauƙi, gorar roba ma ta iya. Tausayin uwata ya kama ni.

Na ce zan sa direba ya kawo abincin kifi daga Yamai, ni zan riƙa auna mata. Ta gyaɗa kai. Har yau Sumaila bai kira ba, kifin kuma suna nan suna yawo. Amma abin da ba ya barina shi ne yadda ta ƙulle sauran ƙulin a tsumma, ta danƙa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai.

"Tahi da shi gidanka, Mamman. In shina ɗakin ga, ba ni iya hanawa."