Jarka Goma Sha Biyu da Suka Hana Yaya Saliha Shiga Gidana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, 6 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, Hajiya Saliha, matar Malam Labbo, a gidanta da ke Kaura Namoda, bayan jinyar kwana uku. Hawan jini ne sanadi. Ta rasu tana da shekara hamsin da takwas, ta bar miji da 'ya'ya biyar da jikoki. An kai ta makwancinta bayan azahar, ana yayyafi.

Ni ne Halilu, autan ɗakinsu, mai sayar da fetur a bakin hanyar Shinkafi, ɗan bumburutu kamar yadda ake ce mana. An ce in rubuta wani abu a kanta tunda ni ta raina. Na zauna in rubuta yabo, sai na tarar haushi ne ya cika min ciki. To Yaya, ki yi haƙuri, da haushin zan rubuta, don ke ma ba ki taɓa ɓoye min naki ba.

Yaya Saliha, wallahi kin cika taurin kai. Ban taɓa ganin mace mai naci irinki ba. Duk unguwarku babu gidan da ba ki shiga kin yi gyara ba, ko an gayyace ki ko ba a gayyace ki ba. Ki je barka, ki ƙare a madafin mutane kina juya hannun tukunya ya fuskanci bango don kada yaro ya jawo. Ki je gaisuwar mara lafiya, ki fito kina faɗa a kan rijiyar da aka bari a buɗe. Idan kika ga kananzir ko fiya-fiya a cikin robar lemo, ba kya tambayar mai shi, ɗauka kike ki ɗaura wa bakin robar jan ƙyalle, ki ɗora ta can saman katanga, sannan ki nemi matar gidan ki wanke ta tas. Wata amarya ta haɗa bilic da maganin wanke masai wai don bayi ya fi haske, kika jawo ta waje tana tari, kika buɗe ƙofa da taga, kika hana kowa shiga har la'asar. Ranar nan har mijin ya sha nasa kason, shi da ba ya gida lokacin da aka yi abin.

Da gas ya shigo gari kuma sai aikinki ya ƙaru. Kowa ya sayi tukunyar gas sai kin je da kofin kumfar sabulu kin shafa wa bakin tiyo, kin tsaya kina kallo ko zai yi ƙwai-ƙwai. Mai gwada yoyon gas da ashana kuwa, a wurinki bai da maraba da mahaukaci. Yaro ya ƙone, a kawo man goge baki ko ɗanyen ƙwai, ki ture, ki ce a yi ta zuba ruwan sanyi har zafin ya lafa, a rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Mata suna yi miki dariya, suna ce miki duba-gari. Amma in abu ya faru, ƙofarki ake fara bugawa.

Abin da ya sa ake jure miki, kowa ya sani, kwanon da ke hannunki ne. Ba kya shiga gida hannu biyu. Ko alewar madara, ko kantu, ko gullisuwa, ko kwakumeti. Kuma ba ki taɓa ɓoye yadda ake yi ba. Alewar madara, kin ce ba ta da wani asiri: a dafa sukari da ɗan ruwa har in an ɗiga a yatsu biyu aka raba su ya ja zare, a sauke, a zuba garin madara ana juyawa ba tsayawa, a juye a faranti mai ɗan mai, a yanka kafin ta huce. Kantu kuma a soya riɗi sama-sama, a narka sukari shi kaɗai, a haɗa, a murza da kwalba. Sai ki ƙara da cewa duk mai narka sukari ta kori yara daga madafi, don ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi muni. Ko zaƙi ba kya bayarwa sai da gargaɗi a kai.

Duk wannan na mutane ne. Nawa daban ne, kuma shi ne ya hana ni sakat.

Shekara biyu da suka wuce matata Anisa ta haihu. Ranar suna kika zo tun da safe da buhun riɗinki, kika hura wuta a madafi, kika ɗora sukari. Can sai kika tsaya kina shinshina iska. Kika bi warin har ɗakin ajiya, wanda bango ɗaya ya raba shi da madafin. Kika tura ƙyaure, kika ga jarkokina goma sha biyu a jere, cike da fetur. Kika koma kika ɗauki bokiti kika sheƙa wa wutar ruwa, da sukarin da komai. Sannan kika sa aka kira ni daga cikin maza, a gaban surukaina da abokaina.

"Halilu, mine ne wanga? Nan ɗiyanka ka kwana, nan matarka ka girki? Wallahi ba ni ƙara taka cikin gidanga sai jarkunan nan sun hita."

Haba Yaya! Ranar suna? A gaban mutanen da suka taso tun daga Badarawa? Da kin ja ni gefe, da wataƙila kafin magariba na kwashe. Amma kika yi min tsirara a tsakar gidana, ni kuma na ce ai kuwa ba za su fita ba. Ina da hujjata, ba wai ba ni da ita ba. Barin kaya a rumfar bakin hanya kyauta ce ga ɓarayi. Gidajen mai kuma sukan rufe ba sanarwa, masu babur da ke bin hanyar Zurmi da Shinkafi da mu suka dogara. Haka na yi ta gaya wa mutane. Gaskiyar ita ce kunya na ji, kunyar ta zama zuciya.

Na ɗauka mako biyu za ki yi ki huce. Ina! Malam Labbo da kansa ya ce ki yi kaffarar rantsuwarki, ki ciyar da mabukata goma ki huta. Kika ce masa ciyar da mutum goma ba wuya, amma kwashe jarka goma sha biyu ya fi sauƙi, a fara da mai sauƙin.

Da ma yanke zumunci kika yi, da na san yadda zan yi fushi da ke. Ba ki yanke ba. Kowace Juma'a da hantsi sai ga ki a Keke Napep, ki sauka a ƙofar gidana, ki tsaya gindin dalbejiya da kwanonki, ki yi sallama da ƙarfi. Yara su fito a guje, ki raba musu alewa, ki duba faratansu da bayan kunnensu. Ki ɗaga murya ta cikin zaure kina koya wa Anisa yadda ake goge baƙin tukunya da toka da lemun tsami, duk maƙwabta suna ji. Gullisuwa ma ta kan katanga kika koya mata. Rana ta dake ki a wurin nan, ruwan sama ya dake ki. Jaririyar da aka yi wa suna ta yi wayo ta fara tafiya, ba ta taɓa ganin gwaggonta a zaune cikin gidan ubanta ba. Kuma kafin ki tafi sai kin yi min tambayar nan taki guda ɗaya: "Sun hita?" Ni kuma in ce, "Za a kwashe."

Abin da ya fi ƙona min rai, kina da makamin da za ki gama da ni da shi, kika ƙi ɗauka. Tabon da ke hannunki na dama, daga wuyan hannu har gwiwa, na san inda kika samo shi. Ina da shekara uku a Zurmi, fitilar kananzir ta kife a ɗakin Inna, ke kika shiga kika fito da ni. Shekara biyu muna wannan ja-in-ja, ko sau ɗaya ba ki yi min gori da shi ba. Da kin ɗaga hannun riga kawai, Yaya, da an gama. Sai ki ƙara jan mayafi ki rufe shi.

Juma'ar ƙarshe, ɗaya ga wata, kin zo ƙafafunki a kumbure, kina haki. Na ce ki shigo ki zauna ko a zaure ne, ai zaure ba cikin gida ba ne. Kika ce zaure gida ne. Na fito miki da kujera, kika zauna gindin dalbejiya. Ke da ke bin kowa da faɗan asibiti, na tambaye ki maganin hawan jininki kika ce ya ƙare tun wancan mako, ba ki samu sukunin komawa ba. Kin ji fa! Kin samu sukunin tsayawa kan wuta kina juya madara, ba ki samu na karɓo magani ba. Na yi miki faɗa, kika yi murmushi, kika ce, "To mun zama biyu. Sun hita?" Na ce, "Za a kwashe." Kika ce, "Allah Shi nuna muna." Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Ranar Lahadi kika faɗi, ba ki ƙara magana ba.

Juma'ar da ta biyo baya aka yi addu'ar uku. Ana shafa fatiha na tashi, na samo kura, na kai jarkokin wani ɗakin ƙarfe da ke bayan tasha, nesa da gidajen mutane, wanda wani abokina ya daɗe yana cewa in zo in yi amfani da shi. Sawu uku ne. Na duba agogo, ko awa ɗaya ban cika ba. Awa ɗaya, Yaya! Anisa ta wanke ɗakin da garin sabulu, ta buɗe taga yadda kika koya mata, tana yi tana kuka. Da hantsi ya yi ƙaramar ta fita gindin dalbejiya ta tsaya tana leƙen hanya. Sun fita, Yaya. Na faɗa da bakina a ƙofar gida, babu mai tambayata.

Ina miƙa ta'aziyya ga Malam Labbo, wanda ya yi haƙuri da mu duka biyu, da 'ya'yanta, musamman Amatullahi da Zakariyya da suka yi jinyarta, da jikokinta, da dangi na Zurmi da na Kaura, da matan unguwar da yanzu za su duba madafinsu da kansu. Duk wanda ta taɓa yi wa faɗa ya yafe mata, kuma ya tashi ya gyara abin da ta yi faɗan a kai, yau ba gobe ba.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Saliha. Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa duk yaron da ya tsira ta dalilin nacinki ya zama nauyi a mizaninki. Ni kuma ki yafe min. Allah Ya buɗe miki ƙofar Aljanna Firdausi, kada a tsayar da ke a bakinta ko na minti ɗaya, yadda na tsayar da ke a bakin tawa shekara biyu. Amin.