Takardar da na sa wa hannu a Tsafe

Shekara ashirin da tara ke nan da muka rufe Malam Haruna Tela a Bungudu. A cikin waɗanda suka yi yawon neman 'yancin ƙasar nan tare da shi a wannan yanki, ban san wani da ya rage ba sai ni. Kwanan baya na ambaci sunansa a ƙofar gidana a Gusau, wani matashi mai harkar siyasa ya tambaye ni ko ɗan kasuwa ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Na san Haruna yana ɗinki a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Gusau, ni kuma ina sabon malamin firamare. Bai yi boko ba. Ni nake karanta masa jarida bayan la'asar, shi kuma ya mai da abin da ya ji magana irin wadda manomi zai gane. Ranar kasuwa mu hau kekuna mu nufi Nahuce ko Kwatarkwashi, ya kife turmi ya hau, ya ce wa mutane ƙasar tasu ce, kuma talaka na da ikon zaɓen wanda zai mulke shi. Wasu su tsaya, wasu su sulale don kada a gan su. An jefe mu, an taɓa ɗauke mana kekunan muka dawo a ƙasa. A hankali sunansa ya kai Kaduna, har manyan tafiyar ba sa yanke shawara a kan yankinmu sai sun ji ta bakinsa.

A kasuwar Tsafe aka kama mu, wai mun yi lacca ba izini. Bayan kwana uku aka kira ni ni kaɗai, aka ajiye mini takarda: ko in sa hannu na bar siyasa in koma aji, ko a kore ni daga aiki in bi shi gidan yari. Matata na da goyon wata biyu. Na sa hannu. Da zan fita na bi ta gaban ɗakin da yake tsare, ban ɗaga kai ba. Shi ya yi wata tara.

Aka sami mulkin kai, jama'a suka zaɓe shi ya je majalisa. Da soja suka zo ya koma Bungudu ya buɗe kekensa na ɗinki, da damina ya tafi gonarsa ta Kekun Waje. Bai gina gidan sama ba. Ni kuwa kunya ta hana ni taka zaurensa. Mu haɗu wurin jana'iza ko ɗaurin aure, mu gaisa, in nemi hanyar zamewa. Haka muka yi kusan shekara arba'in.

Da ciwo ya kwantar da shi ya aiko a kira ni. Na same shi a kan tabarma, ya rame har na kasa gane shi. Na fara kame-kame ina neman gafara, ya ɗaga mini hannu.

"Malam Isa, har yau takardar nan ce ka ɗauke a ka?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Kana da jariri, kana da yara cike da aji. Da munka shiga mu biyu, wa zai koya musu karatu? Ban taɓa riƙe ka da ita ba. Abin da ya yi mini ciwo, na hito ban sami mai karanta mini jarida ba. Na daɗe ina jiranka."

Daga ranar na riƙa zuwa kullum ina karanta masa, kwana goma sha ɗaya, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Gonarsa ta yi shekaru ba a noma ta, don jikokinsa na tsoron shiga daji. Hanyoyin da muka bi a kan keke ba fargaba, yanzu sai mutum ya tambayi labari kafin ya hau mota. Ƙuri'ar da ya sha ɗauri a kanta, na ga an ba da ita a kan ledar taliya. Ba na jin zai yi nadama. Na fi zaton zai nemi turmi ya hau.

Ba titi da sunansa, ba makaranta, hotonsa ma guda ɗaya ne a hannun 'yarsa Hajiya Rabi. Amma ranar zaɓen da ya wuce na ga wata tsohuwa ta tsare wani ɗan takara tana tambayarsa ina rijiyar da ya yi musu alkawari, ba ta durƙusa ba, muryarta ba ta rawa. A zamaninmu wannan tambayar ɗauri ce. Ba ta san Haruna ba, ba ta kuma bukatar ta san shi.

Ni dai na san shi, kuma na yi asarar shekara arba'in na zama da shi a kan laifin da ya yafe tun kafin in fita daga Tsafe. Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya sa idan mun haɗu in iya ɗaga kai in dube shi.